Gizo-gizon ƙasa mai goyon 'ya'ya: yadda ake gane shi da yadda ake hana shi shiga ɗaki

Wani magidanci da ya tare a sabon gidansa a Tumfure, wajen garin Gombe, ya aiko da tambaya cewa tun da damina ta kankama suke ganin wani gizo-gizo mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, yana gudu a daɓen ɗaki da dare, kuma ba su taɓa ganin yanarsa a ko'ina ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ranar da uwargidansa ta buge ɗaya da takalmi a bakin banɗaki, sai 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya masu ɗimbin yawa suka watse daga jikinsa ta kowace kusurwa. Yana son sanin wane iri ne, ko cizonsa yana da haɗari ga yara, da kuma ko ya bi shawarar maƙwabta ya sa a feshe gidan da fiya-fiya.

Malam, barka da tarewa, Allah Ya sanya albarka a gidan. Siffar da ka bayar ta isa a gane abin ko ba a gan shi ido da ido ba, domin a cikin nau'o'in gizo-gizo sama da 50,000 da masana suka tantance a duniya, dangin da ya shahara da goya 'ya'ya a gadon baya ana yawo da su shi ne wanda littattafan kimiyya ke kira Lycosidae, wanda Turawa suke jingina sunansa ga kyarkeci saboda da ƙafa yake bin abin da zai ci, ba ya kafa tarko ya zauna jira. A nan zan riƙa ce masa gizo-gizon ƙasa, tunda a ƙasa yake kwana yake tashi. Dangi ne mai faɗi, nau'insa ya haura 2,000, kuma ana samunsa daga bakin fadama har cikin hamada. Hukuncina a kansa shi ne bai kai abin da za a zuba wa guba a ɗakin da yara ke kwana ba. Shigowarsa tana nuna abu biyu, wato ƙofofinka suna da kafa, kuma akwai ƙwarin da yake biyowa, waɗannan kuwa su ne abin gyara.

Hanyar da ta fi tabbas wajen gane shi ita ce duban idanunsa. Ido 8 gare shi kamar galibin gizo-gizo, amma jerinsu na daban ne: ƙanana 4 a jere a ƙasa kusa da baki, manya 2 a samansu suna duban gaba, sannan matsakaita 2 a can saman kai suna duban gefe. Idan ka kife masa kofin gilashi, ka ɗauki hoton fuskarsa da waya ka buɗa hoton, manyan idanun nan biyu ne za su fara bayyana. A can cikin idanun akwai wani shimfiɗi da ke mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, shi ya sa akwai gwajin da ya fi na hoto sauƙi. Bayan sallar isha'i ka sa takalmi rufaffe, ka kashe fitilar tsakar gida, ka riƙe tocila a gefen goshinka daidai da ido, ka haska ƙasa daga nesa, musamman gindin katanga da inda ciyawa ta tsiro. Za ka ga ɗige-ɗigen haske kore-kore ko fari-fari sun yi tsit, idan ka matsa kusa sai ka tarar kowane ɗigo gizo-gizo ne. Dole tocilar ta kasance kusa da ido, saboda hasken yana komawa ne ta inda ya fito, wanda ya riƙe ta a ƙugu ba abin da zai gani. Uwa mai goyo kuwa bayanta gaba ɗaya yakan yi ƙyalƙyali saboda idanun 'ya'yan. Yawan da za ka gani a waje zai ba ka mamaki, amma kada ya firgita ka, domin suna wurin tun kafin a haƙa harsashin gidan.

Launinsa na ƙasa ne, ko toka-toka, ko baƙi-baƙi, kuma yawancinsu suna da ratsi mai haske da ya bi tsakiyar kai daga gaba zuwa baya, da duhu a gefe da gefe. Ƙafafunsa kaurara ne masu gashi da 'yan ƙayoyi. Gangar jikinsa, ban da ƙafafu, tana kamawa daga abin da bai kai santimita 1 ba a ƙananan nau'o'in bakin ruwa, zuwa santimita 3 ko ɗan fiye a manyan da ke haƙa rami. Tafiyarsa ma alama ce, don yakan zura a guje, ya tsaya cak, ya sake zurawa, kuma kusan kullum a ƙasa, saboda ba gwanin hawan abu mai santsi ba ne. Shi ya sa ake tarar da shi ya maƙale cikin bokiti ko bahon wanka ya kasa fita. Namiji ya fi siranta, ƙafafunsa sun fi tsawo a ido, kuma 'yan hannayen nan biyu da ke gefen bakinsa kawunansu a kumbure suke.

Abin da uwargida ta gani yana da bayani mai sauƙi. Tamacen takan saƙa wata 'yar jaka kewayayya, fara ko toka-toka, ta zuba ƙwanta a ciki, sannan ta liƙa ta a ƙarshen cikinta inda zare ke fitowa, ta riƙa yawo da ita tana ɗaga ƙugu don kada ta ja ƙasa. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe sai ta yaga jakar da bakinta, 'ya'yan su hau bayanta su riƙe wasu gashi na musamman, wani kan wani, su yi mako ɗaya ko biyu a haka kafin kowa ya kama gabansa. A goyo ɗaya ana iya samun gommai, a manyan nau'o'i har sama da 100. To, duka da takalmi uwar kawai yake kashewa, 'ya'yan kuwa sai su tarwatse. Wannan ba ya nufin gidan ya zama matattararsu, domin ƙananan suna bukatar laima da ƙwari daidai bakinsu, kuma galibinsu bushewa suke yi su mutu a kan tayil ko daɓen siminti cikin 'yan kwanaki. Shara da goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma sun wadatar. Sai dai a lura, kunama ma tana goya 'ya'yanta a baya, saboda haka a koya wa yara cewa duk abin da suka gani da goyo a ƙasa su kira babba, kada su sa hannu.

Akwai waɗanda ake rikita su da shi, kuma bambancewa tana da amfani. Wanda kake gani a shafe a jikin bango, ƙafafunsa a baje gefe da gefe, yana ɓuya bayan kalanda ko labule kuma yana gudu a karkace, ba shi ba ne, wani dangi ne mai zaman bango yana cin sauro da ƙananan kyankyasai, kuma ba ruwansa da mutane. Haka nan wannan ja-ja ko rawaya mai gashi da manyan muƙamuƙai, wanda ke shigowa a sukwane wajen fitila a lokacin bazara har a ga kamar ƙafa 10 gare shi, shi ba gizo-gizo ba ne ma, ɗan'uwansu ne na nesa. Ba shi da dafi ko kaɗan, ko da yake idan aka matse shi yana iya yagar fata. Wanda nake so ka sa wa ido shi ne wani mai kewayayyen ciki da siraran ƙafafu, launin ƙasa, wanda ke saƙa yana a hargitse a ƙarƙashin kujerar roba, bakin bokitin da aka kife, ƙarafan taga, ko cikin tsohuwar taya. Idan aka juya shi akwai tambari ruwan goro a cikinsa mai siffar kalangu, jakar ƙwansa kuma tana da 'yan tsinaye ko'ina a jikinta. Wannan ɗan dangin Latrodectus ne, dafinsa yana taɓa jijiyoyi, yana iya kawo ciwo mai tsanani, murɗawar tsoka da zufa, musamman ga ƙaramin yaro. Ba shi da faɗa, a yanarsa yake zaune, amma shi ne ya cancanci a bi da tsintsiya a kashe a murƙushe ƙwansa. A taƙaice, mai gudu a ƙasa ba yana, sauƙi gare shi. Mai rataye a hargitsattsiyar yana cikin lungu, shi ake dubawa da kyau. Ƙa'idar tana da ɗan togaciya, domin akwai wani reshe na gizo-gizon ƙasa, Hippasa, da ke shimfiɗa yana mai rami a tsakiya a kan ciyawa, wadda ake gani da safe raɓa ta kwanta a kanta, amma wannan a waje yake zamansa.

Dalilin da ya sa gidanka ya fi na cikin gari ganinsu a fili yake. Unguwannin da Gombe ta faɗaɗa zuwa cikinsu gonaki ne da saura a 'yan shekarun baya, kuma har yanzu akwai filayen da ba a gina ba, da kangwaye, da ciyawa a tsakanin gidaje. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi ramukansu da tsagogin ƙasa sukan cika, sai su nemi tudu, kuma barandarka tudu ce. Mazan kuma idan sun balaga yawo suke yi da dare suna neman mata, su bi gindin bango har su faɗa duk kafar da suka tarar. Sannan ga fitila. Ƙwan da ke saman ƙofa yana tara shinge bayan ruwan farko, da gyare, da fara, da ƙananan ƙwari iri-iri, su faɗo a dokin ƙofa, mafaraucin kuwa inda abinci yake nan yake zuwa. Da kaka akan shigo da su cikin harawa, kara da buhunan amfanin gona, da hunturu kuma bushewar iska takan kora su wajen laima, wato banɗaki, gindin randa da bakin famfo. Cikin ɗaki ba mazauninsa ba ne, ɓatan hanya ne ke kawo shi.

Game da cizo, yana da dafi kamar kusan kowane gizo-gizo, amma dafin na kashe ƙwaro ne, kuma ba ya cizon mutum sai an matse shi, kamar a cikin takalmi, ko tufar da aka bari a ƙasa, ko a kan tabarma idan an birkice a kansa. Abin da ke biyo baya shi ne zafi nan take, ja, ɗan kumburi da ƙaiƙayi, su lafa cikin sa'o'i ko kwana kaɗan. An daɗe ana zarginsa da ruɓar da fata, musamman a Barazil inda har maganin dafinsa aka taɓa haɗawa, amma binciken da aka wallafa a 1990 kan mutum 515 da ya ciza a Sawo Paulo bai samu ruɓewar fata ba, kuma daga baya an gane cewa wani gizo-gizo ne daban, Loxosceles, ke yin wannan ɓarnar. Wani binciken a Ostareliya a 2004, kan cizo 45 da aka tabbatar da wanda ya yi su, shi ma sakamakonsa ke nan. Idan ya ciji wani a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, a sha farasitamol idan zafin ya dame shi, a hana yaro sosawa da farce. Kada a tsaga, kada a ɗaure da igiya, kada a shafa kananzir, fetur ko baƙin cikin batir, domin waɗannan ne ke mayar da ƙaramin cizo gyambo. A garzaya asibiti idan numfashi ya yi wuya, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko jan yana yaɗuwa da zazzaɓi da mugunya bayan kwana ɗaya ko biyu. Mai ciwon suga kuwa duk rauni a ƙafarsa na asibiti ne tun ranar farko.

A nan ya kamata in taɓo abin da ake kira fitsarin tautau, domin da yawa daga tsoron da ake yi wa gizo-gizo daga nan ya samo asali. Gizo-gizo ba ya fitsarin da ke ƙona fata. Kashinsa ɗan ɗigo ne fari-fari da ke bushewa a bango. Ƙunar da mutum ke tashi da ita a wuya ko fuska, mai tsawo kamar an ja layi, da ƙuraje masu ruwa, galibi aikin hangara ne, ko na wani siririn ƙwaro mai ja da baƙi, tsawonsa kusan santimita 1, wanda masana ke kira Paederus. Shi ma fitila ke jawo shi da damina, ba ya cizo, amma idan aka murje shi a fata ruwan jikinsa yakan ƙona wurin bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ake hure shi ko a kakkaɓe, sannan a wanke wurin da sabulu nan take. Idan kuwa ƙurajen sun fito a gefe ɗaya na jiki, sun yi ɗamara daga baya zuwa ƙirji da zafi mai suka, wannan ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya ta farka, maganinta na asibiti ne kuma ya fi aiki idan an fara da wuri. Maruru da sauran ƙurajen da ƙwayoyin cuta ke kawowa su ma sau da yawa gizo-gizo ake ɗora wa laifinsu alhali ba wanda ya gan shi.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci ga mazaunin jihar Gombe. Wuraren da gizo-gizon ƙasa ke fakewa, wato tarin bulo, itace, duwatsu da ciyawa, su ne maɓoyar kunama da kububuwa, kuma ba banza ba aka kafa asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Idan wani abu ya sari mutum a ƙafa da dare ba a gan shi ba, sannan wurin ya kumbura sosai, kumburin yana hawa, ko jini ya ƙi tsayawa, ko dasashi ya fara zubar da jini, kada a ce ai gizo-gizon nan ne a kwanta. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum yana iya jin sauƙi a daren farko alhali ɓarna tana gudana a ciki, kuma ma'aikatan asibiti suna da gwaji na minti 20 da suke gane hakan da shi. Saboda haka gyaran da zan faɗa maka ribarsa biyu ce, kuma duk wanda zai ɗaga tarin kaya ya sa takalmi rufaffe da safar hannu, ya fara turawa da sanda, da rana.

Gyaran daga ƙofa yake farawa. Da dare ka kunna fitilar ɗaki, ka rufe ƙofa, ka fita waje ka duƙa. Duk inda haske ya ɓullo hanya ce, kuma rabin santimita ya ishi gizo-gizo, kyankyaso da ƙaramar kunama. Ƙofofin ƙarfe da ake sawa a sababbin gidaje kusan duk suna barin tazara a ƙasa. Mai walda zai iya ɗaura maka zirin roba mai kauri a gindin ƙofar, ko da na tsohon tub ɗin mota ne, yadda zai riƙa shafar daɓe, ko birkila ya ɗaga dokin ƙofar da siminti. Wannan aikin shi kaɗai ya fi kowane feshi tasiri. Daga nan a sa raga a rariyar banɗaki da ta tsakar gida, a toshe kewayen bututun ruwa da na wayar lantarki inda suka huda bango, a cike tsagar da ke tsakanin firam ɗin taga da bulo, a ɗinke ragar tagar da ta yage.

Sai fitila. A cire ƙwan da ke daidai saman ƙofa a mayar da shi jikin katanga, nesa kaɗan, yana hasko ƙofar daga can, don ƙwarin su taru a can maimakon bakin ɗaki. Ƙwai mai haske rawaya-rawaya ya fi fari mai shuɗi-shuɗi ƙarancin jan ƙwari, kuma sakin labule da dare yana rage waɗanda ke taruwa a taga. Masu fitilar sola da ke ci har asuba su fi kowa kula da inda suka kafa ta.

A tsakar gida da bayan ɗaki kuwa, ragowar bulo, katako da yashin gini su bar jikin bango. Itacen girki, kara da harawa a ɗora su a kan dakali ko rumfa, nesa da ɗakin kwana, a nome ciyawa a bar aƙalla mita 1 fili tsakaninta da ginin, a gyara famfon da ke ɗiga, a ɗora randa a kan mazauni yadda ƙarƙashinta zai riƙa bushewa. A cikin ɗaki a rage abin da ke zaune a ƙasa, musamman kwalaye, buhuna da tarin wanki, a riƙa share ƙarƙashin gado, a kakkaɓe takalmi kafin a sa. Idan zafi ya sa ana kwana a waje, a kakkaɓe tabarma da mayafi, a cusa gefen gidan sauro ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare. Gidan sauron da aka cusa da kyau yana tare fiye da sauro. Kaji da zabi, ƙadangaru, tsaka da zanzaro duk suna cin gizo-gizo, don haka gidan da ke da 'yan kaji a tsakar gida yana da masu taya shi aiki.

Wanda ya riga ya shigo, a kife masa kofi ko roba, a zura kwali a ƙarƙashi, a kai shi bayan katanga a sake. Ga uwa mai goyo wannan ce hanyar da ta fi, don 'ya'yan ba sa sauka muddin ba a buge ta ba. Na san akwai masu ƙyamar kashe gizo-gizo saboda labarin kogon da aka fake a lokacin hijira, akwai kuma waɗanda ganinsa kawai ke sa su tsalle kan gado. Kofi da kwali sun raba gardama ga kowa, hukuncin shari'a kuwa na malamai ne. Gam ɗin kama ɓera da ake sayarwa a kasuwa yana kama shi sosai idan aka shimfiɗa shi a gindin bango, bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, tunda gefen bango yake bi. A ajiye shi inda yaro mai rarrafe da 'yan tsaki ba za su kai ba, idan kuma ya liƙe wa wani a hannu man gyaɗa ke sakinsa. Amfanin gam ɗin da ya fi kamun shi ne labarin da yake bayarwa, domin wanda ya fi cika shi ke nuna ƙofar da ake shigowa ta nan.

Feshi shi ne na ƙarshe, kuma ga wannan halitta rauninsa a bayyane yake. Gizo-gizo a kan tsinin ƙafafunsa yake tafiya, cikinsa ba ya jan ƙasa, saboda haka maganin da ya bushe a daɓe kaɗan yake taɓa shi, sai wanda aka fesa masa kai tsaye. Ko ka kashe na ciki yau, na filin maƙwabta za su shigo gobe ta kafar da ba a toshe ba. Fiya-fiya kuwa ina hana ka shi ƙwarai. Yawancin abin da ake ɗurawa a kwalabe da wannan suna sinadarin dikulobos ne na gona, an sirka shi ba bisa awo ba, yana tashi a iska a shaƙe shi, yana kuma shiga ta fata, kuma illarsa ce ta sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019. Alamomin gubarsa su ne dalalar miyau, zufa, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma yara da masu asma ne ke fara faɗuwa. Wanda ya nuna haka a fitar da shi iska, a cire masa tufafin, a kai shi asibiti da kwalbar, kada a ɗura masa manja ko madara. Mafi muni shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari, wadda ke fitar da iskar fosfin. Wannan ba ta da wurin zama a ginin da mutane ke kwana, ko da a ɗakin da ke maƙwabtaka ne. Idan bayan duk gyaran nan kana son ƙarin kariya, ka nemi maganin rukunin firetiroyid, irin su deltametirin ko lamda-sihalotirin, mai lambar rajistar NAFDAC, a haɗa shi daidai yadda takardarsa ta ce, a fesa a waje kawai, a gindin bango, tsagogi da kewayen ƙofa. Mai feshin ya rufe hanci da hannu, a kawar da yara, kaji da kyanwa har ya bushe, kada kuma ya kusanci rijiya ko tafkin kifi, domin kifi ba ya jure shi. Ruwan sama da rana suna karya shi, don haka da damina ba ya daɗewa.

Dalilin da ya sa nake ƙin a bi su da guba har waje shi ne aikin da suke yi. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2017 ya nuna gizo-gizon duniya suna cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. A gonakin shinkafar Asiya gizo-gizon ƙasa na cikin manyan masu cin wani ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa, kuma an ga yadda yawan feshi ya kashe mafarautan ya bar ƙwaron ya yi ambaliya, har Indunusiya ta haramta magungunan ƙwari 57 a gonar shinkafa a 1986. Manomin shinkafa a Dadin Kowa ko mai lambu a bayan gida yana cin irin wannan moriyar ko bai sani ba, kuma a gidanka gyare da ƙananan kyankyasai ne abincinsu.

Bayan ka toshe ƙofofi ka matsar da fitila, ka bar gam ɗin a wurarensa mako biyu kana dubawa kowace safiya. A kwanakin farko za ka kama waɗanda dā ma suna ciki, daga nan adadin ya kamata ya faɗi. Idan wani gam ya ci gaba da kamawa, kafar tana kusa da shi, kuma galibi rariyar banɗaki ce ko ƙofar kicin ta baya wadda aka manta da ita. Idan kuma ka ga kyankyasai sun fi gizo-gizo yawa a kai, to su ne matsalar gidan, sai a koma kan ragowar abinci, kwandon shara da murfin masai. Ka sake bin ƙofofin da tocila a farkon kowace damina da kuma lokacin shigo da amfanin gona, domin robar gindin ƙofa tana cinyewa, sabon gini kuma yakan yi 'yan tsagogi a shekarunsa na farko.